Gwajin Akushi a Tudun Ƙirya

"Ni fa in na kalli mutum sau ɗaya, na gama karanta shi har bangon baya," in ji Abdulnasir. "Ku fata kuke gani, ni ɓargo nake gani. Ku zaunar mini da mutane a kan akushi ɗaya, kafin a suɗe kwano zan faɗa muku wanda aka haifa don magana, da wanda aka haifa don riƙon amana, da wanda aka haifa don ya cika gari kawai."

A gindin ƙiryar ƙofar masallaci ya yi wannan cika baki, bayan La'asar, muna zazzaune. Kai da ba ka san Abdulnasir ba, gyara zama in zana maka shi. Ɗan garinmu ne, Tudun Ƙirya, can tsakanin Gwiwa da Roni, amma ɗan gari ne a baki kawai. Tun yana yawo ba wando kawunsa ya ɗauke shi zuwa Kazaure, can ya yi boko, can ya samu kujera a wani ofis, mu sai da salla muke ganin ƙeyarsa. Ana nan sai Allah ya jarrabe mu, aka tura shi bita Dutse a kan yadda ake haɗa mutane su yi aiki tare, kowa a ba shi abin da ya dace da halinsa. Da ya gama sai ya biyo ta garinmu da wata baƙar jaka, da tabarau wanda ba likita ne ya rubuta masa ba, da kati mai igiya a wuya wanda ko alwala zai yi ba ya cirewa, sai dai ya wurga shi baya. Tun daga nan muka sa masa Farfesa. Mu da tsiya muka sa, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu.

Abin da ya tara mu ranar kuwa ba na dariya ba ne. Ruwa ne. Rijiyarmu da bazara ta kama sai ta ƙafe ƙaf, mata da yara su kama hanyar rafi, su tona yashi, su dawo da wani abu mai kalar koko. To, sai ga labari wata ƙungiya za ta haƙa rijiyar burtsatse mai sola guda ɗaya tal, ko a garinmu ko a Marken Saude, maƙwabtanmu da ba ma ga maciji da su a fagen alfahari. Za a turo jami'a, Hajiya Halima Sa'adiyya, ta duba garin da yake da kwamitin da zai iya riƙe rijiyar, shi za a ba wa.

Mu kuma muna da abin kunyarmu a tsakiyar gari. Wani famfon tuƙa-tuƙa ne da aka taɓa yi mana shekarun baya, ya lalace, kowa ya ce wane zai gyara, har ya zama turken jaki.

Ya Kaka tana gefe tana sayar da daddawa, tana jin duk abin da Farfesa yake faɗa. Tsohuwa ce Babarbariya, tulu ya gama lanƙwasa mata baya amma bai taɓa harshenta ba. Shi kuma Abdulnasir jinin Fulani ne, ka san wasan da ke tsakani.

"Kai Ɗan Fillo," ta ce, "da baki yana haƙa rijiya, da yanzu a kwalekwale muke zuwa masallaci."

"Ya Kaka, wannan ilimi ne, ba daddawa ba."

"Daddawata dai ko ba a faɗa ba ana jin ta a miya. Naka ilimin a ina za mu ji shi?"

Jama'a suka kwashe da dariya. Farfesa ya miƙe, ya gyara tabarau, ya ɗaga yatsa sama.

"Ku shaida. A ba ni wuƙa da nama in haɗa kwamitin nan. In rijiyar nan ta kuɓuce mana, ni Abdulnasir, da kaina, a kan nan nawa, zan riƙa ɗebo wa Ya Kaka ruwa har damina ta sauka."

"Liman ka ji, mai unguwa ka ji," in ji Ya Kaka. Ta ci gaba da ƙulla daddawarta.

Mai unguwa mutum ne mai sanyi, duk wanda ya yi masa Turanci biyu ya gama da shi. Ya ce to, a bar mai ilimi da iliminsa.

Washegari Farfesa ya sa gwaggonsa ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, aka soya zabi aka jera a kai, aka kawo zauren mai unguwa. Ya ce wannan shi ne gwajin akushi. Ya ce a wajen ci ne halin mutum yake fitowa tsirara, wanda ya iya ɓoye kansa a masallaci ba zai iya a gaban miya ba. Kuma don kada a ce ya yi son kai, sai ya ce a ɗauko dattijo mafi tsufa a gari ya zauna shaida. Aka ɗauko Baba Sheriff.

To, a nan gizo ya yi saƙarsa. Baba Sheriff Allah ya ba shi 'ya'ya mata rututu, ya aurar da su lungu-lungu, rabin magidantan garinmu surukansa ne, sauran rabin kuma jikokinsa. Ga shi kunnensa ya yi nauyi, sai an ɗaga murya yake ji. Shi aka shimfiɗa wa buzu a tsakiyar zaure, daidai kan akushi.

Na farkon shigowa Haladu ne. Haladu Share-kwano. Mutumin da in mata suka ji sallamarsa sai su tura tukunya ƙarƙashin gado. An taɓa gayyatarsa suna a Kanya Babba, har yau masu gidan in sun haihu a ɓoye suke yanka rago. Ya shigo yana lashe baki, hancinsa na gaba yana biye, sai idonsa ya faɗa kan Baba Sheriff, uban matarsa Rahamatu. Nan take ya zube, ya gaishe shi, ya ja jiki can bango ya sunkuyar da kai.

"Malam Haladu, bismilla," in ji Farfesa.

"Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake."

"Ko cinya ɗaya?"

"Wallahi ko ruwa ba shi da wuri."

Yana rantsuwar cikinsa yana ƙugi, har kazar da ke bakin zaure ta ɗaga kai. Farfesa ya gyaɗa kai, ya dube mu ta saman tabarau.

Sai ga Maikasuwa, dillalin awaki a kasuwar Gwiwa, rediyo mai jini. Shi in ka faɗa masa magana da hantsi a Tudun Ƙirya, kafin Azahar za ka ji ta a Babura ta yi 'ya'ya. Shi ma 'yar Baba Sheriff yake aure, Dela. Ya shigo da labari cike da bakinsa, ya ga surukinsa, ya haɗiye shi da ƙyar kamar ya haɗiyi ƙwallon goruba.

"Malam Maikasuwa, me ake ciki a kasuwa?"

"Lafiya lau."

"An ce an yi rigima a karar dabbobi jiya."

"Allah ya kyauta."

"Ba ka san waɗanda suka yi ba?"

Wallahi na tausaya wa bawan Allah, don na san shi ya raba faɗan, kuma ya san har sunan kakannin masu yin sa. Ya dai daure ya ce, "Allah masani."

Na uku Sabiru ne, tela, jikan Baba Sheriff. Sabiru irin mutanen nan ne da in zai yi sallama sai ya yi gyaran murya, ya sake yi, sannan ya fasa ya koma gida. An taɓa taka masa ƙafa a motar Kazaure tun daga tasha har Roni, da aka sauka shi ya ba da haƙuri. Amma duk duniya akwai mutum ɗaya da Sabiru yake zama zaki a gabansa, wato kakansa, abokin wasansa tun yana goye. Kuma dole ya ɗaga murya, in ba haka ba tsohon ba zai ji ba.

Yana shigowa ya buɗe maƙogwaro.

"Tsoho mai ran ƙarfe! Kai da ba ka da haƙori ko ɗaya, me ya kawo ka gaban zabi? An gayyace ka ne, ko ƙamshi ka biyo?"

"Ja'iri," in ji Baba Sheriff yana dariya. "Ka ci ka yi ƙarfi, don gobe zan zo in ɗauke matata da ka ɓoye."

"Wace mace za ta bi ka? Kai da sandarka ma ta gaji da kai."

Suka yi ta yi, zaure ya ɗauka. Farfesa kuwa ya zura wa Sabiru ido, bakinsa a buɗe, sai ka ce ya tsinci zinare a bola.

Da aka ɗauke akushi ya miƙe ya yanke hukunci. Ya ce mutane iri uku ne a aikin haɗin gwiwa. Akwai Kakaki, mai magana da yawun jama'a, shi ne Sabiru, shi zai yi wa baƙuwa jawabi. Akwai Rumbu, mai haɗiye sirri, shi ne Maikasuwa, shi zai je Gwiwa ya taro ta, ya shigo motarta, ya toshe duk kafar da maganar tsohon famfo za ta ɓullo. Akwai kuma Raƙumi, mai haƙuri da yunwa, shi ne Haladu, shi zai tsare abincin baƙi.

"Kai kuma wane iri ne?" in ji liman.

"Ni ba na cikin lissafi, Malam. Ni ne Ƙwaƙwalwa."

Ni dai na kasa haƙuri, na ce, "Farfesa, Allah ya ƙara ilimi. Amma fa mutanen nan biyu gaban surukinsu suke, shi kuma wancan da kakansa yake wasa. In ka bi ta tawa, juya su za ka yi. Maikasuwa ya yi jawabi, Sabiru ya tsare abinci, Haladu kuma a aike shi Daura."

Ya dube ni da tausayi.

"Ka ga irin tsohon tunanin da ya hana mu ci gaba. A Dutse ba wanda ya ce mana akwai suruki a cikin lissafin. Ilimi ba ruwansa da suruki. Shekara da shekaru kuna yi wa bayin Allah ƙazafi, yau gwaji ya wanke su." Sai ya ƙara kallona sama da ƙasa. "Kai kuma na karance ka. Mai tafi ne kai. Duk inda mai jawabi ya tsaya, ka tafa."

Ka ji muƙamina. A gaskiya raina ya sosu, amma na karɓa, don ina son in ga ƙarshen wasan daga sahun gaba.

Su ma waɗanda aka naɗa ba wanda ya yi gardama. Haladu har da ƙwalla, ya ce tunda yake ba a taɓa yarda da shi haka ba. Maikasuwa ya ji za a shiga mota mai sanyi. Sabiru kuwa ya so ya ce a'a, ya yi gyaran murya, ya sake yi, kafin ya buɗe baki an shafa fatiha.

Aka shiga shiri. Farfesa ya sa aka kewaye mataccen famfon da zana, aka ɗora masa jinka, ya koma kamar rumbu. Gari ya yi karo-karo, wannan kaza, wancan zabuwa, wata shinkafa, wata man gyaɗa. Ya Kaka da kanta ta ba da zakaranta guda ɗaya da take ji da shi, ta ce in dai ruwa zai zo, ya tafi. Mata suka yi girki tun da sassafe, aka jera kuloli da kwanuka a ajin makarantar firamare, da fura da nono, da ruwan leda da aka sayo daga Gwiwa don kada baƙuwa ta ga irin wanda muke sha. Farfesa ya shigar da Haladu, ya ce don kada yara su dame shi, bari ya kulle ƙofar ta waje. Ya datse kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu.

Ya Kaka tana kallo ta ce, "Na sha jin an ba kura ajiyar nama, amma ban taɓa ganin wanda ya kulle ta a ciki don kada a dame ta ba."

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ya ƙarasa mu. Da a ce Baba Sheriff yana wurin ranar, ko a kan kujera aka ajiye shi yana gyangyaɗi, da wataƙila karatun Farfesa ya ci. Amma sai Ƙwaƙwalwa ta ce tsohon zai ɓata tsari, ana jawabi yana tambayar me ta ce, me ya ce. Ya kira ɗan acaɓa, ya ɗora shi, ya ce a kai shi Achilafiya ya wuni wajen 'yarsa. Muna tsaye muna kallo aka tafi da linzamin mutum biyu da maƙogwaron na uku a bayan babur.

Hantsi aka ce baƙuwa za ta iso. Rana ta take tsaka, shiru. Sai wajen Azahar muka hango farar mota, kuma wallahi kafin mu ji ƙarar inji muryar Maikasuwa muka fara ji. Ashe tun daga Gwiwa da ya shiga bai haɗiyi yawu ba. Duk maganar da ya danne a gaban surukinsa ta taso da ribarta. Har Marken Saude ya sa aka biya, wai Hajiya ta gaisa da gyatumarsa tunda 'yar can ce, ya zagaya da ita ta ga yadda suka share garinsu, da yadda suke tara kuɗin gyaran rijiyarsu duk Juma'a.

Mota ta tsaya. Direba ya fito yana share hawayen dariya. Hajiya Halima ta fito riƙe da kanta, mace mai kamala, da ka gan ta ka ga wadda ta sha surutu ta ƙoshi. Maikasuwa ya diro ta ɗaya ƙofar bai ko ja numfashi ba.

"Yawwa Hajiya, ga mai unguwar da na ce miki, wancan kuma mai katin shi ne Farfesan, shi ya haɗa kwamitin shekaranjiya a kan tuwo. Ga kuma rumbun can, famfon yana ciki. Ni aka ce in tabbatar ba ki sani ba."

Muka juya gaba ɗaya muka kalli rumbun. Jakin Baba Sheriff, da ya saba da turkensa shekara da shekaru, ya riga ya kutsa ta cikin zanar ya koma wurinsa. Ga kansa nan ya leƙo ta ƙarƙashin jinka yana kallonmu.

"Ranki ya daɗe," in ji Farfesa, muryarsa ta siranta, "wannan wurin tarihi ne, muke adana shi."

"Na gani," ta ce. "Har da mai gadi."

Ya yi maza ya ja ta zuwa rumfa, ya ce yanzu za ta ji muryar gari daga bakin Kakaki. Aka tura Sabiru gaba, an zuba masa babbar rigar aro, aka damƙa masa lasifikar masallaci. Ya tsaya. Ya duba dama, ya duba hagu, yana neman kakansa a cikin taro, babu shi. Rigar ta fara kaɗawa ba iska.

"Assa..." in ji Sabiru. Ya tsaya.

An ce duk inda ya tsaya in tafa. Na tafa.

"Assala..." Ya sake tsayawa. Na sake tafawa. Ai aiki aiki ne.

Farfesa ya harare ni, ya lallaɓa bayan Sabiru yana raɗa masa, ya manta lasifika tana kamawa, duk gari muna ji.

"Kai Kakaki ne, na gwada ka. Rufe idonka. Ka ɗauka kakanka ne zaune a gabanka, ka yi mata yadda ka yi masa rannan."

Sabiru yaro ne mai biyayya. Ya runtse ido, ya ja numfashi, ya saki murya har tsuntsayen kan ƙirya suka watse.

"Tsohuwa mai ran ƙarfe! Ke da ba ki da haƙori ko ɗaya, me ya kawo ki gaban zabi? An gayyace ki ne, ko ƙamshi kika biyo?"

Liman ya ce inna lillahi. Mai unguwa ya ja rawani ya rufe fuska. Sabiru ya buɗe ido, ya ga Hajiya tana kallonsa da haƙoranta cif-cif, ya ajiye lasifika a hankali kamar ƙwai, ya tattare riga, ya tsallake katangar makaranta. Takalmansa kawai ya bar mana a wurin. Tunda ya tsaya, ni kuma na tafa.

Da wani ne, da ya nemi ƙasa ta tsage ya shige. Ban da Farfesa. Ya gyara kati, ya yi murmushi, ya ce wannan salon barkwanci ne na maraba, irin na gargajiya. Ya ce yanzu a zo a ci abinci, ciki ba ya fushi da mai ba shi. Yana tafe gaban Hajiya yana zuba.

"Ranki ya daɗe, yanzu za ki ga amana da idonki. Mutumin da na sa gadin abincin nan, duk ƙasar Kazaure babu mai kamun kai irinsa. A gabana aka ajiye masa zabi ya ce ko ruwa ba shi da wuri. Irinsa za mu ba wa makullin rijiya."

Ya zaro makulli, ya ɗaga shi sama kowa ya gani, ya buɗe kwaɗo, ya tura ƙofa.

Haladu yana kwance rigingine a kan benci biyu da ya haɗa, ya kwance mazagin wando, ciki ya yi tozo, yana minshari. Kulolin nan duk a buɗe, an suɗe su har suna ƙyalli. Ƙasusuwa kuwa ya jera su a kan teburin malami, na kaji daban, na zabi daban, don shi mutum ne mai tsari. Ƙwaryar fura tana kife a kan fuskar allo. Ledojin ruwa ko guda bai bari ba, yaji ya sa ya tsotse su tas.

"Haladu," in ji Farfesa, da wata irin murya da ban san yana da ita ba.

Haladu ya buɗe ido ɗaya.

"Farfesa, wallahi gishiri kawai na tashi ɗanɗanawa. To, kai ka kulle mu tare. Ba su da hanyar fita, ni ma ba ni da ita. Dole ɗaya ya ga bayan ɗaya."

Ya Kaka ta leƙo ta ƙarƙashin hannun mutane, ta ƙura wa teburin ido. Ta gane ƙafar zakaranta.

Hajiya Halima ta ce ba komai, ita dai a taimaka mata da ruwa ta jiƙa maƙoshi. Aka hau kallon-kallo. Ruwan kirki ɗaya ne a garin, kuma yana cikin Haladu. Ya Kaka ce ta tafi gida ta ɗebo a tulunta, ta kawo a moɗa, ta miƙa mata da hannu biyu. Hajiya ta daɗe tana kallon ruwan nan mai kalar koko. Nan dariya ta ɗauke wa kowa, ni kaina sai da na ji kunya ta kama ni har wuya.

"Mama, buƙata kam kuna da ita," ta ce a hankali. "Amma rijiya ba a ba wa buƙata kaɗai, sai da masu riƙo. In na ba ku, baɗi jakin nan turke biyu zai samu." Ta juya ga Farfesa, ta karanta katin wuyansa. "Malam, ashe ka je bita. Ai abu na farko da ake faɗa a irin wannan zama shi ne, kafin ka ba mutum aiki ka tambayi waɗanda suka zauna da shi. Ba a faɗa muku ba?"

Farfesa ya sosa ƙeya.

"Ranar farko na ɗan makara, ranki ya daɗe. Ina wajen rabon jaka."

Ba a yi wata biyu ba aka kafa tanki a Marken Saude, sola tana walƙiya, ruwa garai-garai kamar idon zakara. Ba su hana mu ɗiba ba, kuma ya fi rafi kusa, amma duk wanda ya je sai an tambaye shi lafiyar mai gadin wurin tarihi. Har yau abin yana ci mana rai.

Farfesa kuwa tun daren ranar da baƙuwa ta tafi ya shirya sulalewa Kazaure da asuba, kafin a tuna da rantsuwa. Mutum ɗaya tak ya faɗa wa, ya roƙe shi ya riƙe masa sirri. Ka san ko wa? Maikasuwa. Wai har yanzu yana ganin gwaji ba ya ƙarya, kuskure ne aka samu daga wajen mota.

Saboda haka da ya turo babur ɗinsa a kashe zuwa bakin gari, sai ya tarar da mu duka, har da masu goyo. Liman yana nan, mai unguwa yana nan, Baba Sheriff yana kan buzunsa yana tambayar me aka ce. Ya Kaka tana tsakiyar hanya zaune a kan tulu.

"Ina zuwa, Ɗan Fillo?"

"Ofis, Ya Kaka. Aikin gwamnati ba ya jira."

Liman ya ce gaskiya ne, ba za a hana shi aikin gwamnati ba. Amma gwamnati ba ta aiki Asabar da Lahadi, rantsuwa kuwa tana yi. Duk ƙarshen mako zai zo ya cika wa tsohuwa randunanta har ruwan sama ya sauka. Yau kuma, cikin ikon Allah, Asabar ce.

Ya duba gabas, ya duba yamma, ba hadari ko na magani. Ya ce to a ba shi gammo. Ya Kaka ta ce ai ya zo da abinsa. Ta zare baƙar jakar bitar nan daga kafaɗarsa, ta nannaɗe ta tsaf, ta ce ya durƙusa. Ta ɗora masa a ka, ta ɗora tulu, ta ja da baya tana kallonsa ta wannan gefe, ta koma ta wancan.

"Ai ni ma na koyi karatun nan naka," ta ce. "Kallo ɗaya na yi wa kan nan na san aikin da aka halicce shi dominsa. Ga faɗi, ga tauri, ga shi babu komai a ciki da zai motsa ruwan ya zube."

Ta tsaya. Ni kuwa tunda ba a sauke ni daga muƙamina ba, na tafa.